Ina ba da waƙa a majami'a amma zuciyata ba ta ciki, shin na fāɗi ne?

*"Baba Fasto, ina gaishe ku da aiki. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a unguwar Brigade a Kano. Tun bara likita ya ce ƙodar maigidana ta daina aiki, yanzu sau biyu a mako muke kai shi wankin ƙoda. Jarin da nake juyawa a kasuwar Sabon Gari ya tafi a magani, babbar 'yata ta zauna a gida saboda kuɗin makaranta. Ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, ina tsayawa gaba ina bayarwa ana amsawa, amma cikina fayau yake. Wata 'yar'uwa ta ce mini Littafi ya ce mu yi farin ciki kullum, wai ɓacin fuskata alamar ƙarancin bangaskiya ce. Wani kuma ya ce in bincika ko akwai zunubi a gidanmu, ko in je in shuka iri a wurin wani bawan Allah, wato in kai masa kuɗi don Allah ya warkar da maigidana. Baba, ban daina addu'a ba, sai dai wani lokaci addu'ar tawa faɗa ce da Allah. Shin na fāɗi ne? Yaya mutum zai yi farin ciki, ya dogara ga Allah a irin wannan hali ba tare da munafunci ba?"*

Sannu, 'yata. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Ubangiji ya ba maigidanki sauƙi, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi.

In na fahimce ki daidai, jinyar da rashin kuɗin nauyi ne da kin riga kin san girmansa, kina kuma ɗauke da shi. Abin da ya fi hana ki barci shi ne kayan da aka ƙara aza miki a kai, wato zargin cewa baƙin cikinki laifi ne a gaban Allah, ciwon mijinki ma ƙila hukunci ne. Wannan kaya na biyu mutane ne suka ɗora miki, shi nake so mu fara saukewa. Ba ki fāɗi ba. Wanda ya rabu da Allah ba ya tashi da tsakar dare ya yi faɗa da shi, juya baya yake yi ya kama gabansa. Amma ranar Lahadi za ki sake haɗuwa da waɗanda suka gaya miki waɗancan maganganu, don haka gara mu bi zancen a hankali, ki san inda ƙafarki take tsaye.

Faɗan da kike yi da Allah

Buɗe Zabura. Waƙoƙi 150 ne, kusan kashi ɗaya cikin ukunsu kuka ne da kai ƙara. Da su Isra'ila ta yi sujada, su Yesu ya taso yana rerawa. A Zabura 13 Dauda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a cikin ayoyi biyu na farko, yana cewa an manta da shi, an ɓoye masa fuska. A Zabura 73 Asaf ya faɗa da bakinsa cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame, don ya ga mugaye suna ƙiba ba ciwo ba damuwa, shi kuwa da yake tsare zuciyarsa kowace safiya sai ya tashi da sabuwar wahala. Zabura 88 ta fi su nauyi. Ta fara da kuka, ta ƙare da duhu, babu wata kalma a ƙarshenta mai sanyaya rai. Duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin Littafi, aka kuma ba mawaƙan Haikali su rera ta. Allah da kansa ne ya tanadar wa mutanensa kalmomin da za su yi masa kuka da su.

Ayuba ya wuce nan. A sura 3 ya la'anci ranar da aka haife shi, a sura 23 ya ce da ya san inda zai sami Allah da ya je ya shimfiɗa ƙararsa a gabansa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi kwana bakwai zaune da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, wannan ne kuma aikin kirki mafi girma da suka yi masa. Da suka buɗe baki sai suka shiga kāre Allah ta hanyar ɗora wa Ayuba laifi. Gaskiya ne a ƙarshe Allah ya yi wa Ayuba tambayoyin da suka sa ya rufe bakinsa ya ƙasƙantar da kansa. Amma duba 42:7 ki ga da wa Allah ya yi fushi. Da abokan ne, ya ce ba su faɗi daidai game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Akwai gunagunin da Littafi ya hana, ban ɓoye miki ba. Isra'ilawa a jeji sun yi gunaguni a junansu game da Allah, har suka ce a naɗa shugaba su koma Masar (Littafin Ƙidaya 14:4). Bambancinsu da Dauda shi ne inda fuska ta duba. Su sun ba Allah baya suna zaginsa a tsakaninsu. Dauda ya fuskance shi ya ce masa, kai ne Allahna, don me ka yi shiru? Naki irin na Dauda ne, tunda gabansa kike kai shi.

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa muna da wata al'ada mai kyau wadda take iya cutar da mu a nan. Ko mutum yana kan gadon asibiti, ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Yaya gida, lafiya lau. Yaya kasuwa, sai godiya. Kunya ce da kamun kai, ban kuma raina su ba, suna rufa asirin mutane da yawa. Matsalar ita ce mun ɗauki gaisuwar bakin hanya mun shiga da ita ɗakin addu'a, muna ce wa Allah lafiya lau alhali ya ga zuciyar tana zubar da jini. Yesu bai yi haka ba. A Getsamani ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu (Markus 14:34). A kan gicciye farkon Zabura 22 ya ɗaga murya da shi, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Ibraniyawa 5:7 ta ce ya yi roƙo da kuka mai ƙarfi da hawaye. In ɓacin fuska alamar ƙarancin bangaskiya ne, to me za mu ce game da Mai Cetonmu?

Wanda ya ce a yi farin ciki kullum

Ayar da 'yar'uwarki ta kawo gaskiya ce, tana Filibiyawa 4:4. Sai dai ya kamata a tambayi wa ya rubuta ta, kuma daga ina. Bulus ne, yana ɗaure a kurkuku, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba. Mutanen da ya rubuta wa sun san shi da tabon bulala, don a garinsu ne aka yi masa dūka shi da Sila, aka sa ƙafafunsu a turu (Ayyukan Manzanni 16). A cikin wannan wasiƙa ɗaya ya ce abokin aikinsa Abafaroditus ya yi ciwo har bakin mutuwa, Allah ya ji tausayinsu ya tashe shi, don kada baƙin ciki ya hau kan baƙin ciki (2:27). Ashe mai cewa a yi farin ciki kullum yana da baƙin cikinsa, bai kuma ji kunyar rubuta shi ba. A 3:18 ya ce da hawaye yake rubutu. Ga Korantiyawa kuma ya ce a ƙasar Asiya an danne su fiye da ƙarfinsu har suka fid da rai da rayuwa (2 Korantiyawa 1:8), can gaba a 6:10 ya kwatanta kansu da masu baƙin ciki waɗanda kullum suke farin ciki.

Ke nan a wurin Bulus abubuwan biyu suna zama a zuciya ɗaya a lokaci ɗaya. Duk matar da ta taɓa aurar da 'ya ta san wannan: ana guɗa tana hawaye, ba kuma za ki ce ɗaya daga ciki ƙarya ne ba. Farin cikin da Bulus yake nufi yana da wurin da ya jingina, shi ya sa ya ce "cikin Ubangiji". Bai ce ki ji daɗin ciwon ƙoda ba. Ciwo mugun abu ne, mutuwa kuma Littafi ya kira ta maƙiyi (1 Korantiyawa 15:26). Abin da ake ce miki ki riƙe shi ne abin da ciwon bai isa ya taɓa ba: an gafarta miki, Almasihu ya tashi daga matattu, yana tare da ke a layin asibiti, jikin maigidanki da ya gaji yana da alkawarin tashi, ranar da za a share kowane hawaye tana nan zuwa. Wata rana wannan zai zo miki da ɗumi a zuciya har ki yi murmushi. Wata rana kuwa sani ne kawai, busasshe, ba wani jin daɗi a tare da shi. Ranar busasshen ma bangaskiya ce.

Ki lura kuma da Filibiyawa 4:11, inda Bulus ya ce ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali. Koyo ya yi. Manzon da ya ga Yesu a hanyar Dimashƙu sai da ya bi ta yunwa da ƙoshi, da rashi da samu, kafin ya iya faɗin haka. Kada wanda bai taɓa kwana a barandar asibiti ba ya ce ki haddace a shekara guda.

Annabi Habakuk ya rayu gab da lokacin da Babila ta rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Littafinsa sura uku ne kacal, ya kuma buɗe shi da irin faɗanki, yana tambayar Allah har yaushe zai yi ta kira ba a amsa. Amsar da ya samu ta fi tambayar ɗaci, don an gaya masa abin zai ƙara muni. A ƙarshe ya lissafa asarar manomi ɗaya bayan ɗaya: ɓaure bai yi toho ba, inabi ba 'ya'ya, zaitun ya ƙi, gona ba hatsi, garke ba tumaki, turke ba shanu. Sai da ya gama lissafin tsaf sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa (3:17-18). Ina son wannan tsari ƙwarai. Bai rage komai daga asarar ba don ya sami damar yin yabo.

A nan zan ɗan saɓa wa karin maganarmu. Muna cewa bayan wuya sai daɗi, sau da yawa kuma haka ne. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Amma Littafi bai yi wa kowa alkawarin cewa daɗin zai iso a wannan duniya ba. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda bangaskiya ta rufe musu bakin zakoki, a ayoyin da ke biye kuma ta jera waɗanda aka jajjefe aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiyarsu. Shi ya sa maganar Shadrak da Meshak da Abednego a Daniyel 3:17-18 ta fi mini ƙarfi a bakin gadon majinyaci: Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunki sujada ba. Ki roƙi warkarwa da dukan zuciyarki, ni ma ina roƙo tare da ke. Kada dai ki ɗaura bangaskiyarki a kan sakamakon gwajin jini na mako mai zuwa.

Masu neman laifi a gidanki da masu sayar da addu'a

An taɓa kawo wa Yesu wannan tambaya kai tsaye. Almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba su ba (Yahaya 9:1-3). A Luka 13 shi da kansa ya ɗauko labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu, ya ce kada a ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Binciken kai abu ne mai kyau ga kowane mai bi, Dauda ma ya roƙi Allah ya bincike shi a ƙarshen Zabura 139. Amma a aikin kiwon ikilisiya na lura cewa in Ruhu Mai Tsarki zai nuna wa mutum laifinsa, yakan kama sunan abin: kin cuci wance, je ki gyara. Yakan kuma buɗe ƙofar tuba. Zargin da ba shi da kai ba shi da gindi, wanda yake sa ki yi ta tonon gidanki dare da rana ba ki ga komai ba, daga mai ƙarar 'yan'uwa, wato Shaiɗan, yake fitowa. Likitoci kuwa sun san manyan abubuwan da ke kashe ƙoda, hawan jini da ciwon sukari ne a gaba, sai yawan shan maganin kashe zafin ciwo barkatai da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Waɗannan suna kama mai tsoron Allah da marar tsoronsa.

Batun shuka iri kuma zan yi magana ba kwana-kwana. Bayarwa ibada ce, baiko da zakka suna da wurinsu. Amma duk wanda ya ce ki kawo kuɗi domin Allah ya warkar da mijinki, ciniki yake yi da hawayenki. Da Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ce masa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Bulus ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa sau uku, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi. Shi ɗin da aka warkar da mutane ta hannunsa ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya (2 Timoti 4:20). Wane iri ne Bulus ya kasa shukawa? Na zauna da iyalan da suka kai kuɗin magani wurin irin waɗannan mutane, aka ba su ruwa a gora, da majinyacin ya rasu aka ce bangaskiyarsu ce ba ta kai ba. Asara biyu ke nan, ta biyun kuma ta fi wuyar warkewa. Yakubu 5:14 ya ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai. Ki kira naku dattawan, hakkinki ne, ba a biyan ko kwabo.

Tunda na ambaci gora: mai wankin ƙoda ana auna masa ruwan da zai sha. Kada a ɗura masa wani ruwan addu'a ko jiƙo, kada a sa shi azumi, kada a tsallake ranar wanki da sunan nuna bangaskiya, sai da sanin likitansa. Luka da ya rubuta Bishara likita ne (Kolosiyawa 4:14).

Ba ke kika fara bin wannan hanya a Kano ba

Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannunki ya fito cikakke a 1932. Likita Walter Miller, wanda ya yi aikin fassarar shekaru da yawa, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da suka iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku, ɗaya daga cikinsu ya rasu a can. Kafin su, a 1893, samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar nan: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyun farko sun mutu a 1894 ba su ga ikilisiya ko ɗaya ba. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, da asibitin ido da ke nan Kano tun 1943, inda Musulmi da Kirista suke bin layi ɗaya.

Na kusa kuma kin san su. Ranar 29 ga Afrilu 2012 aka buɗe wa masu sujada wuta a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar motocin New Road. A Yulin 2014 aka kai hari cocin Katolika na St. Charles, a Nuwambar shekarar kuma maƙwabtanmu Musulmi suka kwashi gawawwakinsu a babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki. A Maris 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar da kike sana'a. Ban kawo waɗannan don in ce naki ƙarami ne ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na kawo su ne don a bencin da kike zama akwai matan da suka bi ta cikinsu. A cikin waɗanda na yi wa ta'aziyya a waɗancan shekaru, waɗanda suka yi kuka a fili, suka bari aka riƙe su, yawancinsu suna nan da bangaskiyarsu, sun kuma zama mafaka ga wasu. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu cewa "mun gode Allah" da busassun idanu tun ranar farko, suka hana kowa shiga. Wasu sai bayan an watse abin ya kayar da su. Nemi ɗaya daga cikin waɗancan tsofaffin matan da suka yi kuka a fili, ki zauna kusa da ita. Ba za ta jefe ki da aya ba.

Abin da za ki iya yi a wannan mako

Rage tsawon abin da kike dogara ga Allah dominsa. In kika zauna lissafin wankin ƙoda na shekara guda, da kuɗin makarantar yara huɗu, da haya, da yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuciyarki za ta tsinke. Manna ta yini guda ake tsinta, wanda ya ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa (Fitowa 16). Yesu ya koya mana roƙon abincin yau, ya ce wahalar yini ta ishi yinin. Wannan bai hana tsari ba, ki yi lissafinki da rana, da takarda, tare da wani. Da dare kuwa roƙon ki tsaya a kan gobe da safe. In kalmomi sun ƙare, ɗauki Zabura 13 ko 42 ki karanta da murya, ki sa sunanki a ciki. In wannan ma ya gagara, ki yi shiru a gabansa. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki.

Ki ci abinci, ki yi barci. Da Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, mala'ikan bai yi masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya kwanta, ya sake tashinsa ya ci (1 Sarakuna 19). Masu jinya da yawa suna ɗauka ruhunsu ne ya mutu alhali jikinsu ne ya ƙare.

Sai mai wuyar: ki buɗe baki. Je wurin fastonku da shugabar zumuntar mata, ki gaya musu adadin abin da wanki ɗaya yake ci, da kuɗin zangon 'yarki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san kunya, na san tsoron a mai da ke abin zance. Amma ikilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai musamman don rabon abinci ga gwauraye (Ayyukan Manzanni 6), Yakubu kuma ya ce bangaskiyar da take ce wa mai yunwa "sauka lafiya" hannu wofi matacciya ce. Bulus ɗin nan da ya ce a yi farin ciki, a sura ɗaya ya gode wa Filibiyawa don sun aiko masa da taimako. Ki nemi a raba ranakun rakiya asibiti, ki tambaya a asibitin ko akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya. In maƙwabciyarki Musulma ta aiko da kwanon tuwo, karɓi da godiya, hannun Allah ne. Ga sauran masu karatu kuma, musamman dattawa: in mace irin wannan tana cikinku har 'yarta ta bar makaranta ba ku sani ba, ba ita ce take da tambayar amsawa ba.

Game da waƙa, munafunci shi ne ki nuna abin da ba ki gaskata ba don a yabe ki. Rera gaskiyar da kika gaskata a ranar da ba ki jin daɗinta biyayya ce. In kina iyawa, ci gaba, ki kuma zaɓi waƙoƙin da bakinki zai iya ɗauka yanzu, akwai na kuka da na roƙo a littafin waƙoƙinmu waɗanda muka daina taɓawa saboda son masu kiɗa da rawa. In kuwa tsayawa gaba ta zama miki azaba, ki ce wa shugabarku ta ba wata na ɗan lokaci, ki koma cikin masu amshi, ko ki zauna kawai a rera a kanki. Shanyayyen da aka zura ta rufin ɗaki mutum huɗu ne suka ɗauko shi, Markus 2:5 kuma ta ce bangaskiyarsu Yesu ya gani.

Inda nawa ya tsaya

Ba zan iya gaya miki dalilin da ya sa wannan ya faɗo gidanki ba, duk wanda kuma ya ce an nuna masa, ki yi hattara da shi. Ayuba har littafinsa ya ƙare ba a gaya masa abin da ya faru a sura ta farko ba. Ba zan kuma yi miki alkawarin cewa maigida zai tashi ba. Na ga waɗanda likita ya fid da rai suka miƙe, na kuma binne waɗanda ikilisiya duka ta yi azumi dominsu.

Ni fasto ne, akwai ciwon da ya wuce aikina. In kin kai mako biyu ko fiye kullum zuciya a ƙuntace, abin da kike so da ya daina ba ki sha'awa, barci ya ƙaurace ko abinci ya fita ranki, balle in tunanin gara ki mutu ya fara zuwa, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani kamar hawan jini. Akwai likitocinsa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Ki gaya wa wani na kusa da ke a ranar, ya raka ki. Ki sa ido a kan maigida ma, don namijin da ya saba ciyar da gidansa ya koma ana ɗaukarsa yakan yi shiru da abin da ya fi ciwon cin ransa. Ki roƙi maza biyu daga cikin dattawa su riƙa zuwa hira wurinsa, ba sai da wa'azi ba. Babbar 'yarki kuma ki zaunar da ita ki gaya mata gaskiyar halin da ake ciki, da cewa zancen makarantarta yana cikin abin da za ki kai gaban dattawa wannan Lahadin.